Ƙarfen Bayan Shinge

Ranar Asabar da ta wuce na sauka daga tiram, jirgin ƙasan cikin gari, a unguwar Guillotière ta birnin Lyon, zan sayi busasshiyar kuɓewa da daddawa, sai na tarar ma'aikata sun tare rabin titi suna yanka wani tsohon ƙarfen layi da inji. Tartsatsi na tashi, mutane na kaucewa. Ni na kasa gaba na kasa baya. Warin ne ya tsayar da ni, warin ƙarfen da ya sha wuta, mai ɗan ɗaci a maƙogwaro. Na daɗe a tsaye da jaka a hannu, har wata tsohuwa Balarabiya ta taɓa kafaɗata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ta yaya zan gaya mata cewa a wannan lokacin shekarata bakwai, ina tsugune a ƙofar maƙerar kakana, a wata tunga da ko taswirar ƙasarmu ba ta san da zamanta ba?

Gida bakwai ne tungar tamu, can arewa, bayan Agadas, kusa da inda ake haƙar uraniyom. Rijiya ɗaya, lambu ɗaya da aka raba fegi-fegi, masallacin ƙasa wanda bai fi ɗaukar sahu biyu ba, sai itatuwan ƙaya da awaki suka cinye musu duk reshen da bakinsu ya kai. Kakana na wajen uba, wanda kowa ke kira Baba Tsoho, shi ya fara kafa bukka a wurin. Daga Adar ya taso a shekarun fari, da jaki ɗaya da uwar maƙerarsa, ya ji an ce arewa ana aiki. Da ya zo ya ga garin ma'aikata da ƙarar motocinsa, sai ya ce shi ba zai iya barci a nan ba. Ya matsa tafiyar awa guda da ƙafa, ya sami tsohuwar rijiyar makiyaya, ya yashe ta, ya zauna. Sauran gidajen daga baya suka biyo shi, ɗaya bayan ɗaya.

In ka tsaya a bakin rijiyarmu ka dubi gabas, abin da za ka gani shi ne tudun kamfani. Ba Allah ya ajiye shi a nan ba, manyan motoci ne suka tara shi, da ƙasar da aka tace aka cire abin da ake so. Launinsa tsakanin toka da rawaya, ko ciyawa ba ta tsiro a kansa. Ina ƙarama rana takan fito daga gefensa. Lokacin da na bar gida, sai ta ɗan haura kafin mu gan ta, don tudun ya tare mata hanya. Mun saba da shi yadda yaro ke sabawa da tabon fuskar uwarsa. Mun saba kuma da girgizar ƙasa wajen azahar, sa'ad da suke fasa dutse. Ruwan randa ya yi rawa, ƙadangaru su tsaya cak a jikin katanga, kaji su yi shiru, sannan kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Lokacin ɗari shi ne na daɗi. Lambu ya yi kore shar, albasa da tumatir da ɗan fegin alkama, Inna tana ban ruwa da sassafe hannuwanta sun yi fari don sanyi. Maƙera ce wurin ɗumi, saboda haka duk tungar a nan take taruwa da hantsi. Baba Tsoho yana zaune a kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe, awartaki a hagu, masaba a dama. Ba mai yawan magana ba ne. In ya ɗauki ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kai kusa da kunne, ya saurara, sannan ya san abin da zai zama, ko lauje, ko wuƙa, ko murhun shayi. Ni mace ce, ba a ba ni zugazugi, amma bai taɓa kora ta ba. Yakan gasa mini gyaɗa a gefen wuta ya turo mini da bakin awartaki ba tare da ya dube ni ba.

Babana shi ne ɗansa na fari, kuma shi kaɗai ne a gidanmu ya shiga aikin kamfani. A cikin rami yake, ƙarƙashin ƙasa, yana huda dutse. Da la'asar sakaliya za mu hango shi daga nesa a kan kekensa, ni da ƙanena mu ruga mu tarye shi. Yakan sauka ya ɗauke mu duka biyu, mu cusa fuska a cikin rigar aikinsa. Rigar shuɗiya ce amma ba ka ganin shuɗin sai ranar wanki. Ranar Juma'a da safe Inna take wanke ta a bakin rijiya, ruwan ya fito ɗorawa-ɗorawa, ya bi 'yar magudana ya shiga fegin albasa, don a wurinmu ba a zubar da ruwa a banza. Mu kuma mu bi shi da ƙafa muna tsalle. A lokacin wasa ne kawai, kuma wasa mai daɗi.

Bayan shingen kamfani akwai wani fili da suke zubar da abin da suka gama da shi: tsofaffin bututu, fallayen ƙarfe, ganguna, guntayen inji. Ba mai gadi a wurin, ba allon da ya ce kada a taɓa. Maƙeran gari suna ɗiba, masu tireda suna ɗiba, Baba Tsoho ma yana zuwa da amalanken jaki. A wurinsa wannan fili taska ce. Ya ce tunda yake ƙira bai taɓa riƙe ƙarfe mai kyan wannan ba, ba ya tsatsa da wuri, ba ya tsagewa a wuta.

Wata damina, ina da shekara takwas ko tara, aka yi ruwan da ba a saba gani ba. A can ruwan sama bai fi 'yan kwanaki ba a shekara, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa. Maƙwabciyarmu, wata gwauruwa da muke kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba, ta fito ɗauko tukunya daga tsakar gida ke nan, sai rufin ɗakinta ya rufta a bayanta. Gara ta riga ta cinye azarar daga ciki, ruwa ya jiƙa ƙasar rufin, nauyi ya yi yawa. Jikarta tana ciki tana barcin rana. Na tuna maza suna tono da hannu, na tuna Gwaggo a durƙushe cikin taɓo. An ciro yarinyar da rai, da karayar ƙafa, ta girma tana ɗingishi.

Tun daga ranar Baba Tsoho ya ce ba wanda zai ƙara kwana a ƙarƙashin icce a tungarsa. Rani guda ya yi yana jigilar bututu daga bayan shinge. Ya yanka su daidai faɗin ɗaki, ya jera a maimakon azara, aka shimfiɗa tabarmi aka zuba ƙasa. Ɗakin Gwaggo ya fara yi, sannan na sauran, nasa ne na ƙarshe. Bai karɓi komai a hannun kowa ba. Ya tsaga wani ƙaton bututu biyu ya yi kwamin shayar da dabbobi a bakin rijiya. Ya yi ƙofofi, ya yi ƙafafun gado. Mutane daga wasu tungogi suna zuwa kallo. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta wannan shekarar ba. In ya shiga ɗakin wani sai ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa bututun rufi, ya ce, "Gara ta zo ta gwada haƙorinta a nan."

Tarin Baba ya fara ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Da farko da asuba kawai, daga baya ba lokacin da ba ya yi. Ya rame har agogon hannunsa yana zamowa zuwa tafi. Asibitin ma'aikata suka ba shi ruwan magani mai zaƙi, wani lokotoro ya ce masa ya rage shan taba. Babana bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Da ya kasa hawa keke suka sallame shi. Aka mayar da shi ɗakin Baba Tsoho saboda ya fi ko'ina sanyi, katangarsa ta fi kauri. Wata huɗu ya yi a kwance a wurin, idonsa a sama yana kallon bututun rufi, ina yi masa fifita in na dawo daga lakwal. Wata rana ya ce mini, "Ki yi karatu, ki zo ki gaya mini abin da ke cikin ƙirjin nan, tunda su sun kasa." Ya yi dariya ya ce wasa yake. Ya rasu da bazara, a tsakiyar zafi, kafin ruwa ya sauka.

Ba shi ne na farko ba, ba shi ne na ƙarshe ba. Mijin Gwaggo da tari ya tafi tun kafin in yi wayo. Akwai matan da ciki ba ya zama, akwai shekarar da awaki suka yi ta ɓari. Manya sukan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, kwana ne ya ƙare. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, ko kuma wanda ya haɗa ya yi shiru, don abincin rabin tungar daga bayan shingen nan yake fitowa. Baba Tsoho bai yi kuka a gaban mutane ba. Bayan addu'ar uku ya hura wutar maƙera, ya yi ta dukan ƙarfe har magariba, bai ƙera komai ba.

Na yi karatun. Inna ta tsaya a kai, wani kawuna, ƙanenta, da ke zaune a Faransa yana taimakawa. Na tafi Agadas, na tafi Yamai, daga nan na sami bursi, wato tallafin karatu, zuwa Lyon in karanci kimiyyar fizik. Ranar da zan bar tunga zuwa Faransa Baba Tsoho ya kira ni maƙera ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsumma. Ɗan turmi ne na ƙarfe da taɓaryarsa, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba. Daga guntun bututu ya yanko shi, ya liƙe masa gindi, ya goge bayansa har yana sheƙi. Cikinsa kuwa akwai wani ɓawo mai ruwan ƙasa-ƙasa da ya kama jikin ƙarfen, ya ce ya kankare iya ƙoƙarinsa ya ƙi fita duka, amma ba komai. "An ce can ba su san yaji ba," in ji shi. "Ki daka naki." Na bar takalma biyu da zane uku a Yamai don turmin ya shiga jaka.

Shekara biyu ina daka yaji da citta da tafarnuwa a cikinsa, a ɗan ɗakina na ɗalibai a Bron. Maƙwabcina na ƙasa yana buga silin da sandar tsintsiya, ni kuma in ɗora turmin a kan filo in ci gaba. In kewar gida ta dame ni, nakan ajiye shi a gefen gado.

A shekara ta uku aka fara koya mana awon wani irin tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wanda wasu duwatsu irin uraniyom suke fitarwa, kuma in ya daɗe yana ratsa jikin mutum ko ƙurarsa ta shiga huhu, yana iya kawo ciwon daji. Akwai wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu, in ta ji shi sai ta yi ƙara, ƙas, ƙas, jefi-jefi in kaɗan ne, da sauri in da yawa. Malaminmu ya ce kowa ya kawo wani abu daga gida a gwada, don mu ga cewa kusan komai yana da ɗan nasa. Wani ya kawo dutsen gefen teku, wata ta kawo tsohon agogon kakanta. Ni na kawo turmina, don in ba 'yan aji dariya da nauyinsa.

Sun yi dariyar kuwa. Malamin ya kara na'urar a bayan turmin, ta ɗan ƙara sauri, ya ɗaga gira. Sannan ya zura ta ciki. Ƙarar ta daina rabuwa, ta haɗe ta zama ɗaya, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Malamin ya ajiye na'urar a hankali, ya ce kowa ya matsa baya, ya sa safar hannu. Ya tambaye ni inda na samo shi, na faɗa masa. Ya tambaye ni me nake yi da shi. Da na ce abinci nake dakawa, sai ya cire tabaransa ya daɗe yana gogewa.

An sa turmin a wani akwati mai kauri, ban ƙara ganinsa ba. An yi mini gwaje-gwaje, aka ce da sauƙi, amma a ci gaba da duba ni. Ni ba kaina nake tunani ba. Ina zaune a tiram ina ƙirga ɗakunan tungarmu, ina ganin bututu shida-shida a kan kowane, da kwamin da awaki ke sha mu sha nononsu, da gadon da Inna take kwana a kai.

Ƙarshen makon na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na je Stains wurin Kawu. Direban bas ne, yana zaune a hawa na tara da iyalinsa. Na bari sai da muka ci abinci, yara suka fita, sannan na gaya masa. Na ce zan kira gida gobe, in sa ƙanena ya hau inda ake samun layin waya, in gaya musu su fita daga ɗakunan.

"Su fita su tafi ina?" in ji Kawu. "Bon. Ki saurare ni, ɗiyata. Wannan ba maganar waya ba ce. Tsohon nan abu ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne ya rufa wa mutanensa ɗaki. In za ki karɓe masa shi, ki je ki durƙusa a gabansa ki karɓa, yana ganin idonki."

Wata uku na jira kafin hutu, kuma ban san wata uku da suka fi su tsawo ba. Malamin nan ya nemo mini aron na'ura da takardar izinin tafiya da ita. Na isa tunga ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, gari ya yi nauyi, gajimare yana taruwa da yamma yana watsewa.

Kwana biyu ina gida ina ɗage maganar. Rana ta uku da hantsi na same shi a maƙera, ya tsufa ƙwarai, masabar ma ƙarama yake ɗauka yanzu. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi Kawu da iyalinsa, ya tambayi sanyin ƙasar. Sannan ya tambayi turmi. Na gaya masa komai, da Hausar da na iya haɗawa, don abubuwan nan da Faransanci na koye su. Na ce akwai wani zafi a jikin ƙarfen da ba a ji a fata. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ƙarfen da na sa a wuta ya yi ja, wane zafi ne ya rage a cikinsa da wuta ba ta cinye ba?" Na ce wuta ba ta cin wannan. Ya ce in nuna masa.

Muka fara daga kwamin rijiya. Ya ji ƙarar da kunnensa. Muka shiga ɗakin Inna, na ɗaga na'urar sama, ta yi. Ba duka bututun ba, wasu shiru, wasu kaɗan, wasu kuwa har Inna ta toshe kunne. Gida-gida muka bi, yana biye da ni da sandarsa, mutane suna biye da shi. Ɗakinsa muka shiga a ƙarshe, ya hana kowa biyo mu. Na hau kan turmin daka na miƙa hannu. Bututu na uku daga ƙofa, wanda ke daidai saman inda Baba ya kwanta wata huɗu, shi ya fi kowane ƙara a duk tungar.

Na sauko. Ya zauna a bakin gado, ya miƙo mini tafin hannuwansa biyu, ya ce, "Auna nan." Na kara na'urar. Ƙas, sai can wani ƙas, kamar ko'ina. Ya juya hannuwan ya dube su.

"Su ba su ɗauka ba ke nan," ya ce. "Amma su suka ɗora." Sannan ya ce, "Ke da kika yi karatu. Ni na kashe ubanki?"

Na so in ce a'a, da ƙarfi, in rantse. Kuma kusan gaskiya ne, don shekarun da Baba ya yi a rami yana shaƙar ƙurar dutsen sun fi komai nauyi a awo, kuma ya riga ya kamu kafin a kwantar da shi a ɗakin. Na gaya masa haka. Amma ya ci gaba da kallona, yana jiran sauran, don ya san ni tun ina cin gyaɗa a gefen wutarsa. Sai na ce, "Ramin ne ya fi yawa, Baba Tsoho. Sauran ba wanda zai iya rabewa. Ni ma ban sani ba." Ya gyaɗa kai. Ya ce na kyauta da ban yi masa ƙarya ba. Har yau ban tabbata na kyauta ba.

Washegari bayan sallar asuba ya sa ƙanena ya jingina tsani, ya ce a fara da ɗakinsa. Aka kwashe ƙasar rufi, aka sauko da bututun. Na ɗaura wa kowa ƙyalle a hanci, na sa ana yayyafa ruwa don ƙura, na ware masu ƙara daga marasa ƙara. Rigima ta tashi da rana. Wasu suka ce ruwa yana hanya, ina za a sami azara yanzu, kuma wa ya taɓa mutuwa don ya kwana a ƙarƙashin ƙarfe? Wani ya ce na je ƙasar Turawa na dawo da abin tsoratar da mutane. Gida huɗu suka yarda, biyu suka ce sai bayan damina. Gwaggo kuwa ta zauna a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa.

Baba Tsoho da kansa ya je wurinta. Ya tsaya a kanta ya ce, "Ni na sa, ni zan cire." Ta ce, "Malam, icce na gani da idona ya faɗo a kan jikata. Wannan da kuke faɗa ban gan shi ba. Ka bar ni da wanda ban gani ba." Sannan ya juya, ban taɓa ganin bayansa ya tanƙware haka ba.

Da amalanken jakin da ya kawo su ya mayar da su, sawu bayan sawu, shi yana gaba yana jan akala, ya ƙi a karɓe shi. Bai kai su bayan shinge ba, ya ce wani maƙerin zai ɗauka. Wani kwazazzabo ya kai su, nesa da rijiya, nesa da hanyar ruwa, aka haƙa rami aka binne, aka tara duwatsu a kai. Na san ba haka ake zubar da irin wannan ba. Na rubuta takardu zuwa ofisoshi a gida da nan, wasu sun amsa da ladabi, wasu ba su amsa ba. Daminar nan gida huɗu a ƙarƙashin tamfol da zana suka yi ta, ruwa yana zuba a kan gadaje, kuma na san sunana ya sha ambato ba da alheri ba.

Bai ƙara hura wutar maƙera ba. Inna ta ce yakan je ya zauna a kan buzunsa da hantsi, ya share wurin, ya dawo. Da ɗari na biyu bayan zuwana ya rasu, ba tari ba ciwo, tsufa kawai. Ina Lyon ina jarrabawa, ƙanena ya kira ni.

Yau ina aiki a wani asibiti, a sashen da ake gasa ciwon daji da irin wannan tururin, ni ce mai auna yawan da za a ba kowane majiyyaci. A ƙirjin rigata akwai wani ɗan maƙale da ke ƙirga abin da jikina ya sha, duk wata a karɓa a duba, in ya ɗan haura a kira ni ofis a tambaye ni dalili. Babana ya yi shekara goma sha wani abu a cikin rami, ban taɓa jin an kira shi an gaya masa nasa ba.

Ramin da ya yi aiki an rufe shi, ma'aikata sun watse, tudun yana nan. Tungarmu ta koma gida uku. Gwaggo tana raye, ta haura tamanin, tana kwana a ƙarƙashin bututunta, kuma duk wanda ya je sai ta ce a gaishe ni a gaya mini ba ta mutu ba tukuna. Ƙanena ya koma Agadas da iyalinsa. Inna ta ƙi. Mun yi mata ɗaki a can, Kawu ya yi magana har ya gaji. Ta ce mijinta da surukinta suna kwance a bayan masallaci, in ta tafi wa zai riƙa mayar da duwatsun da awaki ke turewa?

Ina da ɗiya yanzu, shekararta biyar, a nan aka haife ta. Hausarta rabi ce, amma ta iya gaida kakarta a waya, kuma Inna ba ta taɓa ɗora ta a cinya ba. Duk kiran da za mu yi sai ta ce in kawo ta. Watan jiya ta ce, "In ruwanmu kike tsoro, ki zo da naku. Na share mata ɗaki, na sa an yi sabon rufi, icce ne zalla."

Na sayi tikitin watan Agusta, ni da ita. Na zauna da takarda da biro na yi lissafi irin na wurin aiki, iska, ruwa, ƙasar tsakar gida da yaro ba ya rabuwa da ita, kuma lissafin ya ce 'yan kwanaki ba wani abu ba ne. Na yarda da lissafin, aikina ke nan. Duk da haka na kira ƙanena na ce ya nema mana masauki a garin ma'aikata, mu riƙa zuwa tunga da safe muna komawa kafin magariba.

Inna ba ta san da maganar masaukin ba tukuna. Jiya ta ce ta sa an saƙa wa yarinyar 'yar tabarma daidai tsawonta, ta tambaye ni ko tana tsoron kwana da kukan awaki. Na ce mata ba ta tsoro.